Me Ya Sa Ake Komawa Neman Talabijin Mai Doro?

A ƙarshen 2024 wani mai tashar YouTube ya saki bidiyon yadda aka ceto wani akwatin talabijin daga benen wani gidan abinci a birnin Osaka na Japan, ana dab da rushe ginin. Akwatin na kamfanin Sony ne, samfurin PVM-4300, mai inci 43 da nauyin kusan kilo 200, wanda aka sa wa farashin dala dubu 40 a Amurka lokacin da ya fito a ƙarshen shekarun 1980. An sauko da shi da ƙyar, aka yi jigilarsa zuwa Amurka, aka gyara, kuma miliyoyin mutane suka kalli labarin. Wannan shi ne ƙololuwar wani abu da ya daɗe yana ruruwa a Amurka, Turai da Japan: mutane, yawancinsu matasa, suna bin gidaje da shagunan gwanjo suna neman talabijin da allon kwamfuta masu doro, irin waɗanda iyayensu suka fitar bakin titi shekaru goma sha da suka wuce.

Da sauƙi a ce kewar ƙuruciya ce kawai. Akwai ta a ciki, babu musu. Sai dai da yawa daga cikin masu wannan nema ba su ma tashi da irin wannan akwati a gida ba, kuma hujjojin da suke kawowa abubuwa ne da ake iya aunawa da na'ura. Ni ina ganin suna da gaskiya a abin da suka ce an rasa, ko da yake gaskiyar tasu tana da iyaka.

Fasahar kwalbar hoto, wadda ke cikin wannan doro, tsohuwa ce. Bajamushe Karl Ferdinand Braun ne ya ƙera ta farko a 1897, kuma ta yi mulkin falo fiye da rabin ƙarni. Sony ya fito da talabijin samfurin Trinitron a 1968, ya sayar da ɗaruruwan miliyoyi, ya daina ƙera shi a 2008. Kafin nan da 'yan watanni, a ƙarshen 2007, cinikin talabijin na bango ya zarce na mai doro a duniya karo na farko. Daga nan masana'antun gilashi da na kwalba suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Mutane ba su sauya don hoton na bangon ya fi kyau ba. Na farko-farkon ma baƙinsu toka-toka ne, launinsu kan gushe in ka kalle su daga gefe. Sun sauya ne don faɗi, rashin nauyi da ƙarancin cin wuta. Mai doro na inci 36 kan kai kusan kilo 100, sai ƙarti sun taru kafin a ɗaga shi.

Bambancin yana cikin yadda kowanne ke zana hoto. A wuyan kwalbar akwai wata 'yar bindiga da ke harba ƙwayoyin lantarki zuwa bayan gilashin, inda aka shafa wani sinadari mai ƙyalli. Harbin yana tafiya layi-layi daga sama zuwa ƙasa, sau 50 ko 60 a daƙiƙa. Duk inda ya taɓa sai ya haskaka na ɗan ƙiftawar da ba ta fi kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na daƙiƙa ba, ya dushe. Wato a mafi yawan lokaci fuskar akwatin duhu ce, ido da ƙwaƙwalwa ne ke haɗa hoton. Na bango kuwa yakan ajiye hoto ɗaya cur ya riƙe shi har na gaba ya zo. A kunne wannan ya fi daɗin ji, amma ido ba haka yake aiki ba. Idan ƙwallo tana gudu, idonka yana bin ta ba tsayawa, alhali hoton yana tsaye na kusan kashi 17 cikin dubu na daƙiƙa kafin ya yi tsalle. Sakamakon shi ne ƙwallon ta shafe, rubutun da ke gudana a ƙasan labarai ya yi dishi-dishi. A mai doro abin da ke motsi yana nan tas kamar yana tsaye. Wanda ya taɓa ajiye su biyun kusa da juna ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Sai batun jinkiri. Mai doro na asali ba ya ajiye komai. Siginar da ta shigo ta waya ita ce take fita a gilashi nan take. Na bango sai ya karɓi hoton, ya mayar da shi lambobi, ya buɗa shi ya cika fuskar, ya yi masa kwalliya, sannan ya nuna. Ga mai kallon wasan kwaikwayo wannan ba komai ba ne. Ga mai buga gem, tsakanin danna maɓalli da ganin sakamako nan ne nasara ko faɗuwa. Shi ya sa masu gasar Super Smash Bros. Melee, wasan da Nintendo ya fitar a 2001, suka shafe shekaru suna cika motoci da tsofaffin akwatuna suna kai su zauren gasa, a jera su bisa tebura kamar shagon mai gyara. Su ne ma suka hana ɗimbin akwatunan nan zuwa bola a lokacin da babu mai kallonsu.

Hujja ta uku ita ta fi burge ni, domin ta shafi niyyar mai zane. Na'urorin gem na da, irin su Famicom da Sega Mega Drive da yaranmu suka sani a gidajen gem, suna fitar da hoto mai layi 224 zuwa 240 kacal. Masu zanen sun san a kan wane gilashi za a ga aikinsu, sun san zai ɗan narkar da ɗigo cikin ɗigo, don haka suka yi zane da wannan narkewar. A wasan Sonic na 1991 akwai ruwan da ke kwarara daga tudu. A bayanan wasan, layuka ne a tsaye, ɗaya mai launi ɗaya babu. A mai doro, ta jan waya da rawaya da fara da kowa ya sani, layukan sukan haɗe su zama ruwa garai-garai da ake hango abin da ke bayansa. Ka sa shi a na bango mai layi 2160, sai ka ga sanduna kawai. Haka idon Dracula a wasan Castlevania na 1997: jan ɗigo ne ƙwaya ɗaya, wanda tsohon gilashi ke bazawa ya zama ido mai ƙuna. Bindigar wasan harbin agwagwa na Nintendo kuwa sam ba ta aiki da na bango, domin da saurin amsar kwalbar aka gina ta.

Mu ma muna da irin wannan a gida. Finafinan Hausa na farko, tun daga Turmin Danya na 1990, a kan kaset aka ɗauke su, don a kalle su a akwati mai doro. Idan aka miƙar da su a faffaɗan allo sai fuskoki su baje, duk wani tabon kaset ya fito fili, har matashi ya ɗauka aikin ne bai yi kyau ba, alhali a mazauninsa na asali ba haka yake ba.

Akwai kuma wani dalilin da ba na ido ba. Talabijin na zamani kwamfuta ce mai haɗe da intanet, tana nuna talla, tana neman sabunta manhaja, wani lokacin tana kai rahoton abin da kake kallo. A 2017 hukumomin Amurka sun sa kamfanin Vizio biyan dala miliyan 2.2 saboda tattara bayanan kallo daga talabijin miliyan 11 ba da sanin masu su ba. Tsohon akwati bai san sunanka ba, bai san abin da ka kalla jiya ba. Ka danna, ya yi 'yar ƙara, hoto ya taso.

Abin da wannan sha'awa ta fara haifarwa shi ne tsada. Allunan ƙwararru na Sony, samfurin PVM da BVM, waɗanda gidajen talabijin da asibitoci suka riƙa zubarwa kyauta, yanzu ɗaruruwan daloli ake sayar da su, manyan har dubbai. Allon kwamfuta na GDM-FW900, mai nauyin kilo 42, ya zama abin farauta bayan da masu nazarin fasahar gem suka nuna a 2019 yadda sababbin wasanni ke fita a kansa. Kuma kayan ba ƙaruwa suke ba. Sinadarin ƙyallin yana gajiya, bindigar tana rauni, kuma babu masana'antar da za a koma a ce ta yi sabo. Ƙera kwalba ba aikin ɗan ƙaramin shago ba ne: tana bukatar tanderun gilashi mai dalma, da ƙarfen raga mai ƙananan huda dubbai, da layin ma'aikata da suka watse tuntuni. Ko gidajen tarihi sun ji a jikinsu. Hasumiyar da ɗan Koriya Nam June Paik ya gina a 1988 da akwatuna 1,003 a gidan adana zane na Gwacheon, dole aka kashe ta a 2018 don gudun gobara. Sai a 2022 aka sake kunna ta, bayan an bi kasuwannin gwanjo ana tsintar kayan gyara, aka kuma sa wa wasu akwatunan allon zamani a cikin tsohon ƙoƙonsu.

A Kano ko Maraɗi labarin ya sha bamban, kuma bai kamata a cakuɗa su ba. Magidancin da har yau ke riƙe da Sharp ko National ɗinsa bai damu da idon Dracula ba. Abin da ya sani shi ne yaro ya sha jifan gilashin da ƙwallo bai fashe ba, ƙurar hunturu ba ta hana shi aiki ba, kuma ranar da ya ɗauke, mai gyara na bakin kasuwa zai kwance bayansa, ya hura ƙurar, ya kafa madubi a gabansa don ya riƙa ganin hoton yayin da hannunsa ke baya, ya gano kafasitar da ta kumbura, ya canza ta da kuɗi kaɗan. Na bango in fuskarsa ta tsage, mai gyaran da kansa zai ce maka, “Alhaji, gara ka sayi sabo.” Sauya tsarin watsa shirye-shirye zuwa na dijital, wanda Najeriya ta fara a Jos a 2016, bai kashe tsohon akwati ba, tunda dikoda na shiga jikinsa. Abin da ke kashe shi a nan shi ne wuta. Mai inci 21 kan ja kusan ninki biyu na abin da na bango mai inci 32 ke ja, kuma gidan da ya koma sola da batir ɗaya ba zai iya ciyar da shi ba. Duk wanda ke ƙirga awannin batirinsa da daddare ya riga ya yanke hukunci, kuma ba zan ce ya yi kuskure ba.

Inda na fi damuwa shi ne ƙarshen akwatin. Gilashin bayan kwalbar cike yake da dalma, an zuba ta ne don tare hasken X-ray da ke fita daga ciki, kuma babban akwati ɗaya na iya ɗauke da fiye da kilo guda. Da, ana narkar da tsohon gilashi a yi sabuwar kwalba. Da masana'antun suka rufe sai ya zama ba shi da mai saye. A jihar Ohio ta Amurka wani kamfanin da ya karɓi kuɗi don sarrafa shi ya durƙushe a 2016, ya bar dubban tan jibge a ɗakunan ajiya. Wani kason kuma ya biyo kwantena zuwa Legas da Tema ta Ghana da sunan kayan gwanjo, duk da yarjejeniyar Basel ta 1989 da ta Bamako ta 1991 da aka ƙulla don hana turo wa ƙasashe irin na Afirka shara mai guba. A Agbogbloshie da ke Accra, kafin a rushe wurin a 2021, matasa 'yan ci-rani daga arewacin Ghana ne ke fasa su. Haka 'yan jari-bola ke yi a garuruwanmu: a fasa wuyan kwalbar da guduma, a zare naɗin jan ƙarfen da ke kewaye da shi, a ƙona robar waya, a bar fasasshen gilashin a ƙasa inda yara ke wasa, ruwan damina ya bi ta kai. Wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara ɗaruruwa suka rasu, ko da yake ta hanyar haƙar zinari ce, ya san ba abin wasa ba ce. Ta wannan fuskar, duk akwatin da mai sha'awa ya ɗauka ya gyara ya ajiye a ɗaki, an jinkirta zuwansa bola ke nan, kuma wannan alheri ne. Amma masu sha'awar zaɓe suke yi. Trinitron suke so da ire-irensa. Sauran miliyoyin ba mai nemansu.

Ratar da ke tsakanin fasahohin biyu kuma tana raguwa. Allunan zamani irin na OLED sun kawo baƙi na gaske, kuma allon gem na yau jinkirinsa bai taka kara ya karya ba. Tun 2020, da manhajar Slippi ta sauƙaƙa buga Melee ta intanet, 'yan wasan da yawa sun saba da allon zamani. Akwai na'urori irin su RetroTINK 4K, wadda ta fito a 2023 a kan dala 750, da aikinsu shi ne su karɓi siginar tsohon gem su kwaikwayi layuka da ƙyallin kwalba a kan sabon allo. Wasu masanan ma sun rubuta manhajar da ke sa allo mai saurin gaske ya riƙa haska hoto daga sama zuwa ƙasa yana dushewa, daidai da yadda bindigar ke yi. Wato masana'antar da kanta ta amsa cewa an bar wani abu a baya a 2008, tana kuma kashe kuɗi don dawo da shi.

Abin da ban ga ana ƙoƙarin dawowa da shi ba shi ne gyaruwa. Babu kamfanin da ke gasar fito da talabijin da mai gyara na Sabon Gari zai iya buɗewa ya canza abu ɗaya ya mayar wa mai shi a ranar. Masu gyaran da suka san inda ake sa hannu da inda ba a sawa a cikin akwatin da ke riƙe da wutar da ta kai bolt dubu 25 suna tsufa, yaransu kuma sun koma gyaran waya, domin can ne ciniki yake.