Armeniyawa: 'Yan Amanar Da Aka Raba Da Ƙasarsu

Duk wanda ya tsaya a Yereban, babban birnin Armeniya, ya dubi kudu, zai hangi Dutsen Ararat da ƙanƙara a kansa. Armeniyawa suna cewa a nan jirgin Annabi Nuhu (AS) ya tsaya, ko da yake mu Dutsen Judi ne Alƙur'ani ya ambata mana. Kullum safiya suna ganinsa, amma cikin ƙasar Turkiyya yake. Yadda haka ta auku shi ne abin da za mu duba a wannan mako, domin akwai hannun Musulmi a ciki.

Armeniyawa Kirista ne, kuma suna zaune a tsaunukan Ban da Bitilis da Erzurum tun kafin Turkawa su iso yankin da ɗaruruwan shekaru. A ƙarƙashin Daular Usmaniyya, ta Santambul muke nufi ba tamu ta Sakkwato ba, matsayinsu na 'yan amana ne, watau ahlul zimma, waɗanda Shari'a ta haramta jininsu da dukiyarsu.

A shekarar 1913 mulki ya koma hannun wasu 'yan kishin ƙabilar Turkawa, manyansu Ɗal'at da Anwar da Jamal, Sarkin Musulmi kuwa sai suna. Suka shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1914, Rasha ta karya rundunar Anwar a Sarikamish a farkon 1915, sai aka ɗora wa Armeniyawa laifin cin amana. Gaskiya ne wasunsu sun bi Rasha. To, amma ina laifin tsohuwa da jariri a garuruwan da ke nesa da fagen fama?

Ranar 24 ga Afrilu, 1915, aka kame shugabanni da masanansu a Santambul. Daga nan aka riƙa keɓe maza ana kashewa, mata da yara kuwa aka kora su a ƙasa zuwa hamadar Dairuz Zur ta Sham, yunwa da ƙishirwa da 'yan fashi suka cinye su a hanya. Ƙididdigar mamatan ta kama daga 600,000 zuwa miliyan 1.5. Gwamnatin Turkiyya ta yarda an yi asarar rayuka, amma ta ƙi kiran abin kisan ƙare-dangi, sunan da akasarin masana tarihi suka ba shi.

Ba za mu ɓoye ba, an yi shelar jihadi a Nuwamban 1914, wasu kuma suka fake da ita suka zubar da jinin maƙwabtansu. Amma akwai waɗanda suka tsaya kan amana. Jalal Bey, Gwamnan Halab, ya ƙi bin umurnin korar, aka mai da shi Konya, can ma ya ƙi, aka tuɓe shi. Husaini Nasimi, hakimin Lije, ƙin da ya yi ransa ya ci. A shekarar Hijira 1336 Sharif Husaini na Makka ya rubuta takarda yana umurni a kare Armeniyawa yadda mutum zai kare iyalinsa. Kotun sojan Daular kanta ta yanke wa Ɗal'at da abokansa hukuncin kisa a 1919, sai dai sun riga sun tsere.

Ƙasar kuwa ba ta dawo ba. Tun a 1915 aka yi dokar da ta ƙwace gidaje da gonakin waɗanda aka kora. Yarjejeniyar Sebar ta 1920 ta yi musu alkawarin ƙasa, ba a cika ba. Ta Kars ta 1921 ta bar Ararat da kufan birnin Ani a hannun Turkiyya, ta Lozan ta 1923 kuwa ko sunansu ba ta ambata ba. Waɗanda suka tsira suka zauna a Halab da Bairut da Faransa da Amurka.

A wani tsibiri cikin Tafkin Ban akwai cocinsu na Akdamar, mai shekara fiye da 1,000. Turkiyya ta gyara shi a 2007 ta mai da shi gidan tarihi, a 2010 kuma aka ba jikokin korarrun izinin zuwa su yi ibada a ciki, sau ɗaya a shekara.