Idan Shafinka na WordPress Ya Koma Fari Fat

Duk wanda ya kama hayar saba ya ɗora WordPress da hannunsa, gyara ma a wuyansa yake. Ranar da ka buɗe shafinka ka tarar da allo fari fat, ko saƙon kuskure mai lamba 500, kada ka yi gaggawar goge komai. Galibi ba kutse ba ne, rubuce-rubucenka kuma suna nan a rumbun bayanai. Tambayi kanka: me aka taɓa a ƙarshe?

Sau tari wata ƙaramar manhajar ƙari ce, wato fulogin, ko rigar shafin, wato theme, ta ƙi jituwa da sabuntawa. An ga haka a watan Agustan 2020, lokacin da WordPress 5.5 ya daina loda jQuery Migrate: shafuka da dama suka rikice saboda tsofaffin fulogin ɗinsu da shi suka dogara.

Fara da duba imel, har akwatin tarkace. Tun fitowar 5.2 a 2019, WordPress kan aiko wa mai shafi saƙo ɗauke da sunan abin da ya jawo matsalar, da mahaɗin shiga gyara. In babu saƙo, shiga ma'ajiyar fayiloli ta cPanel, buɗe wp-content, ka canza wa foldar plugins suna. Duk fulogin za su tsaya. Shafi ya dawo? To, ɓarawon yana cikinsu. Leƙa shafin fulogin a ɓangaren gudanarwa, mayar wa foldar sunanta, sannan ka riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya kana dubawa. Aikin akwai gundura, kuma nan ne masu garaje ke kunna biyar a tare su koma gidan jiya.

Idan ba su ba ne, jarraba komawa rigar asali irin Twenty Twenty-Four. Ya ci tura? Kunna WP_DEBUG da WP_DEBUG_LOG a wp-config.php, fayil ɗin debug.log zai nuna layin da ya karye. Ka kashe su da zarar ka gama.

Wani lokacin kuma sabuntawa ce ta katse a tsakiya, shafin ya maƙale yana cewa ana gyara. Goge ɓoyayyen fayil mai suna .maintenance ya wadatar, sai dai ka tabbatar cPanel na nuna ɓoyayyun fayiloli, in ba haka ba ba za ka gan shi ba.