Ko Kun Sani? Zakin da ke kan dirhami

A fadojin ƙasar Hausa, idan sarki ya fito, "Zaki!" ake masa kirari. Amma duba canjin da mai goro zai miƙo maka a kasuwar Filinge: babu zaki a jikinsa. Tambarin da ke kan tsabar sefa siffar kifi ce mai baki kamar zarto, wadda aka ɗauko daga ma'aunin zinariya na mutanen Akan.

Kakannin Kurfayawa, mutanen yankin Filinge, su ma ba su ga zaki a kuɗinsu ba, don da wuri ake ciniki, shi kuwa wuri daga tsibiran Maldib yake zuwa, babu hatimin kowane sarki a kansa. A Kano, a 1851, wani matafiyi Bature mai suna Barth ya tarar ana canza dalar azurfa ɗaya da wuri 2,500. Sai ka tausaya wa mai ƙirgawa.

A gabas kuwa sarakuna sun buga zaki a ƙarfe. Sarkin Masar Baibars, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, ya sa zaki mai tafiya a ƙasan rubutun dinari da dirhaminsa, a zamanin da yawancin kuɗin Musulmi rubutu ne zalla. Kafinsa, wajen 1240, Kaikhusrau na Biyu na Saljuƙawan Anatoliya ya buga dirhami mai zaki da rana a bisa gadon bayansa.

Zaki mai rai kuwa, a jihar Tilaberi, inda Filinge take, sai can kudu, a gandun dajin W, inda kaɗan suka rage.