Maharbi da Ajiyarsa a Kogon Kuka

Ranar da na bi wani tsohon maharbi cikin duwatsun ƙasar Roni, fakara biyu da zomo ɗaya kaɗai muka komo da su, don haka ba zancen nama zan fara da shi ba. Tun bayan sallar asuba muke tafe. Rana ta take tsaka, ruwan da na riƙo a roba ya ƙare, yawun bakina ya kafe, kunya kuma ta hana ni faɗa. Tsohon bai ko waiwayo ba. Can sai ya saki turbar da muke bi, ya ratse cikin sabara, ya zaga bayan wani falalen dutse, sai ga mu a gindin wata kuka mai kogo. Ya zura gorarsa ya bubbuga ciki, ya kasa kunne, domin maciji ma yana son sanyin kogo. Da ya ji shiru sai ya zura hannu har kafaɗa, ya zaro 'yar jarka cike da ruwa, da wani ƙunshin leda mai ashana da gishiri da ƙuli-ƙuli da wayar tarko. Kwana tara ke nan da ya ajiye su.

Na sha na ƙoshi, sannan na ce, "Baba, da wani ya riga ka fa?"

Ya ce, "Yaro, duk wanda ya iya gano wurin nan ɗan'uwa ne. Zai sha ya rage mini, in yana da goro ya bar mini ɓari."

A nan na ba shi labarin wani wasa da Turawa ke yi, wanda suke kira jiyokashin. Kafin shekarar 2000, gwamnatin Amurka da gangan take dagula saƙon taurarin ɗan'adam na GPS ga farar hula, har na'ura takan yi kuskuren da ya kai mita ɗari. A ranar 2 ga Mayun shekarar, zamanin Bill Clinton, aka janye wannan takunkumi. Washegari wani masanin kwamfuta mai suna Dave Ulmer ya ɗauki baƙin bokiti, ya zuba littattafai da gwangwanin wake da danƙon harbi da wasu tarkace, ya kai cikin kurmi kusa da Beavercreek a jihar Oregon ya ɓoye, ya watsa lambobin wurin a intanet. Ƙa'idarsa ita ce wanda ya gano ya ɗauki abu ya ajiye abu, ya rubuta sunansa a ɗan littafin da ke ciki. Yau irin waɗannan ajiye-ajiye sun haura miliyan uku a faɗin duniya, har mutane kan kafa tanti su kwana a daji don nemansu.

Tsohon ya saurara har na kai aya. Ya ce, "To in sun gano bokitin, sai me?" Na ce sai su rubuta suna. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ƙoshi ke nan."

Na yarda ƙoshi ne, amma wasan ya nuna mini abin da na daɗe ina gani ban lura ba. Mu da ke gari mun ɗauka sana'ar maharbi harbi ce. Harbin kuwa ɗan ƙaramin yanki ne, ƙiftawar ido a ƙarshen yini guda. Jarin sana'ar sanin wuri ne: ina ruwa ke kwanciya bayan ɗaukewar damina, wace tsaguwar dutse rema ke shiga, ta ina zabi ke saukowa da la'asar, wace hanya ce za ta mayar da kai gida in hazo ya rufe gabas da yamma. Bambancin kawai, ɗan wasan can yana shelanta lambobinsa ga duniya, maharbi kuwa ko ɗan cikinsa sai ya gwada haƙurinsa kafin ya nuna masa.

Wannan yanki ma da irin wannan labari ya fara. Tarihin baka na Kazaure yana cewa wani maharbi mai suna Kutumbi ne ya fara zama a wurin. Ya fita farauta ya daɗe bai komo ba, 'yan'uwa suka bi sawunsa har suka iske shi a wani kwari da duwatsu suka kewaye, ga ruwa ga nama, wani daga cikinsu ya dubi wurin ya ce kamar zaure. Sunan ya bi garin. Sai can daga baya, wajen 1819, Ɗantunku ya kafa masarautar da a yau ta haɗa Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi. Ko mutum bai gaskata labarin sunan ba, in ya tsaya ya dubi yadda tsaunuka suka yi wa garin ƙawanya zai gane abin da ya sa aka faɗe shi. Garuruwa da yawa a ƙasar Hausa haka asalinsu yake: maharbi ya gano wuri, manomi ya biyo, sarki ya zo daga baya. Ko a Kano, Barbushe na dutsen Dala da farautar giwa ake tuna shi.

Ba a shiga sana'ar da bindiga. Yaro yakan fara da danƙo da kurciya, ya koma turara wa gafiya hayaƙi a rami, ya yi tseren kurege da karnuka. In gidansu gidan farauta ne, sai a rataya masa burgami ya riƙa bin manya, shekara da shekaru aikinsa ɗaukar kaya da riƙon kare da yin shiru. Shirun nan shi ne karatun farko, kuma da yawa a nan suke faɗuwa.

Sai karatun ƙasa. Tsohon ya durƙusa a wani rairayin ƙorama ya nuna mini sawun zomo guda biyu da ni ban ga bambancinsu ba. Ɗaya bakinsa ya zube, iska ta share shi, har ga layin tururuwa ya ratsa ta kansa: na jiya ne. Ɗayan bakinsa tsaf, ƙasar cikinsa ta fi ta gefe duhu domin ƙafar ta fasa ɓawon da raɓa ta yi: na safiyar nan ne. Ya tsinci kashin zomon ya murƙushe da yatsa, ya ga da sauran danshi. Sannan ya ɗebi ƙura ya sake ta a hankali don ya ga inda iska ta nufa, muka yi doguwar zagaya domin kada ta kai warinmu gaba. Duk wannan bai ɗauke shi tsawon karatun Fatiha uku ba. Da na tambaye shi yadda yake gane hanya, sai ya riƙa jero mini sunaye: kukar da aradu ta tsaga, dutsen da ya yi kama da turmi, marken da ke da zuma bara. In ya bi wurin da bai saba ba yakan ƙulla kan ciyawa, ko ya ɗora tsakuwa uku a kan dutse, ko ya yi wa itace sara ɗaya a ɓangaren da zai gani in ya juyo. Da dare kuma akwai kaza da 'ya'yanta a sama.

Kayan aikin sun sauya a hannun mutum guda. Tsohon ya ce ya tashi ya iske kwari da baka, da dafin da ake dafawa da 'ya'yan kwankwani, abin da ba a haɗa shi a cikin gida kuma ba a bari mai rauni a hannu ya taɓa. Ya iske burtu, wato kan tsuntsun nan da maharbi ke ɗaurawa a goshi, ya lulluɓe jiki da baƙin zane, ya riƙa rarrafe yana sunkuyar da kai kamar mai kiwo, har ya kusanci barewa ba ta tsorata ba. Nasa burtun yana nan rataye a zaure, ƙura ta rufe shi, don babu barewar da za a yi wa. Yanzu sai bindigar toka ta maƙera, da adda, da barandami, da karnuka, da cocila mai ɗauri a goshi. Rigar layu dai ba ta canza ba, haka kirari.

Farauta iri biyu ce a nan. Akwai ta kaɗaici irin wadda muka yi, mutum da karensa, ko ya yi bago a kan itace kusa da mashaya ya jira. Akwai kuma ta gayya, bayan an kawar da amfanin gona, wadda Sarkin Baka ko Sarkin Dawa ke sa wa rana, a busa ƙaho, garuruwa su haɗu. Wannan ita ce mai kwana. Ba a kafa sansani a cikin kwari ko bakin mashaya, sai a ɗan tudu, inda hayaƙi ba zai bi iska ya kori nama ba. A share wuri saboda kunama, a hura wuta, a kafa sanduna a shimfiɗa nama a yi banda, domin ɗanye ba zai kai gida ba. Mai garaya yana kaɗawa, wani ya zabura ya yi kirari, matasa su yi ta cika baki, tsofaffi suna gyangyaɗi da ido ɗaya a kan karnuka. A al'ada wanda ya fara jini shi ke da nama, kuma akwai kason shugaba. A aikace kuwa sau da yawa mai ƙarfi ne ke da shi. Ƙwacen nama tsakanin ƙungiyoyi ya sha jawo sara da suka a kan zomon da bai kai kuɗin allura ba, kuma wannan, da cinna wa daji wuta don a koro ɓeraye, su ne abin kunyar sana'ar. Tsofaffin maharba da kansu sun fi kowa faɗar haka.

Babbar matsalar dai nama ne ya ƙare. Wannan kusurwa ta Jigawa, wadda Kano da Katsina suka sa a tsakiya, ƙasa ce mai yawan jama'a. Gona ta ci saura, masu itace da gawayi sun ci ƙirya da marke, abin da ya rage sai kan duwatsu inda garma ba ta hawa. Dokar kare namun daji ta Jihar Arewa tana nan tun 1963, amma ba doka ce ta kori barewa daga Roni ba, rashin wurin ɓuya ne. Abin da ake samu yanzu zomo, fakara, zabo, bushiya, damo, guza, jefi-jefi dila. Maharbi yakan sayar da banda, ya sayar wa masu magani fata da kitse da ƙayar beguwa, shi ma ya taɓa bayar da saiwa da sassaƙe. (A nan zan saka baki: sanin itatuwansu gaskiya ne, amma wanda kububuwa ta sara a nufi asibiti da shi, a bar gardama.) Kusan dukkansu manoma ne da damina, farautar ta rani ce.

Masu son nama mai yawa sai su haɗa kuɗin mota su yi nisa, wajen dazukan kudancin Kano da Bauchi da Taraba, wasu har kudancin ƙasar. Tafiyar tana da haɗarinta, domin mutum da bindiga da karnuka a ƙasar da ba a san shi ba abin zargi ne. A watan Maris na 2025 aka tare wata mota a Uromi ta jihar Edo, aka kashe mafarauta goma sha shida 'yan Kano da ke hanyar komowa gida hutun sallah. Duk zauren maharbin da ka shiga a arewa an yi wannan zance, an kuma yi shi da ɗaci.

Sai dai sanin dajin bai rasa mai saye ba. In aka kore wa mutum shanu da dare, ko akuya ta ɓata, ko yaro mai kiwo bai komo ba har magariba, ƙofar maharbi ake bugawa. Shi zai dubi turɓayar bakin garke ya ce mutum nawa ne, wane ne mai takalmin roba, ina suka tsaya suka sha ruwa. Garuruwa da yawa maharba ne ƙashin bayan 'yan sintirinsu. A Adamawa, a watan Nuwamban 2014, da taimakon maharba aka ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram, kuma a can ne aka san Aisha Bakari Gombi, macen da ta jagoranci maza cikin daji. Aiki ne mai kasada wanda ladansa bai taka kara ya karya ba, kuma yana buƙatar linzami, don mai bin sawu yana iya kuskure, wanda aka nuna da kuskure kuwa ba ya samun damar yin bayani.

Matasan maharba yanzu da waya suke shiga daji. Suna kiran juna, suna tura wa juna alamar wuri ta WhatsApp, abin da da sai an busa ƙaho. Tsohon bai ƙi ba, ya ce tana da amfani ranar da wani ya karye a kan dutse. Abin da ya ƙi shi ne wanda na yi kafin mu bar gindin kukar nan. Na zaro wayata na danna, na ajiye alamar wurin, na nuna masa ɗan jan ɗigon da ke kan taswira ina jin na burge. Ya dube shi, ya tambaye ni ko wani zai iya gani. Na ce sai in na tura masa.

Ya ce, "To goge, ɗana. Kai na kawo, ban kawo wayarka ba."

Na goge a gabansa. Ya mayar da jarkar da sauran ruwanta, ya ɗora ɓarin goro a kan ledar, ya toshe bakin kogon da busasshen reshe, ya ja ƙafa ya share sawunmu.

Da kaka ta zagayo na koma ni kaɗai, da niyyar in cika masa jarkar ya zo ya tarar. Na gane ƙoramar, na gane falalen dutsen, ko dai wani mai kama da shi. A bayansa na iske kukoki uku, kowace da kogo. Na bubbuga ta farko da sanda, wani abu ya motsa a ciki, na ɗauki ruwana na kama hanyar gida.