Hannun 'Yar Tsana Ma Yana Magana

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san hannu yana da nasa baki. Yaro ya yi tagumi, babba ya zo ya cire masa hannu daga kunci, ya ce, "Me aka yi maka?" Mace ta ji labari mai ban mamaki, sai ta riƙe baki. Mahayin doki a Hawan Sallah ya zo a sukwane gaban Sarkin Zazzau, ya ja linzami, ya dunƙule hannun dama ya ɗaga, watau jinjina. Ba wanda ya furta kalma, amma kowa ya fahimta.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne 'yan tsana na ƙyalle da matan Zumunta suke ɗinkawa domin koyar da yara a Makarantar Lahadi. Aiki ne mai kyau, kuma ba ya cin kuɗi. Telolin kasuwar Tudun Wada suna zubar da guntayen atamfa da yadi kullum, auduga kuwa ba baƙuwa ba ce a Zariya. 'Yar tsanar da muka gada, ta kara ko ta ƙashi, ba ta da hannu, zane kawai ake ɗaura mata. Da aka soma yanka ƙyalle bisa zanen littattafan Turawa, sai hannu ya shigo, ya kuma shigo da matsala.

A yawancin waɗannan zane-zane, ana nuna hannu a ɗage, tafin yana fuskantar mai kallo, yatsu biyar a ware. Ga Bature wannan gaisuwa ce. Ga ɗan Tudun Wada kuwa daƙuwa ce, zagin da ke taɓa uwar mutum. Mun ga aji inda malama ta ɗaga 'yar tsanar mala'ika mai kawo albishir ga makiyaya, yara suka fashe da dariya, wani ya juya ya yi wa na kusa da shi irin abin da mala'ikan ya yi. Darasin ranar ya tashi a banza. Malamar kuwa kwana uku ta yi tana ɗinkin.

Kada mu ɗauka mu kaɗai ne ke da wannan. A ƙasar Girka, inda Manzo Bulus ya yi wa'azi a Atina da Koranti, ware wa mutum yatsu biyar a fuska zagi ne babba, suna kiransa moutza. A Ingila, ɗaga yatsu biyu tafi na waje alamar nasara ce, wadda Winston Churchill ya shahara da ita tun 1941, amma in aka juya bayan hannu ga mutum ta zama ashar. Shugaban Amurka George Bush babba ya yi wannan kuskure daga cikin mota a Kanbera ta Ostareliya a 1992. Haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe, a Amurka yana nufin komai lafiya, a Barazil kuwa batsa ce. Ko yafito ma ya bambanta: mu tafi ƙasa muke yi, Bature tafi sama, wani lokaci da yatsa ɗaya, abin da dattijo a nan ba zai ɗauka ba.

A cikin Ikkilisiya ma maganar yatsa ba ƙarama ba ce. Kiristocin farko, kamar yadda zanen bangon makabartun ƙarƙashin ƙasa na Roma ya nuna, suna addu'a a tsaye da hannuwa a buɗe. Haɗa tafi biyu da muke koya wa yara daga baya ya yaɗu, sai kuma zanen Albrecht Dürer na wajen 1508 ya kai shi bangon gidaje da kalanda a duniya duka. Wajen yin alamar gicciye, Katolika suna taɓa kafaɗar hagu kafin dama. 'Yan Otodoks na Girka da Rasha suna soma da dama, da yatsu uku a haɗe domin tuna Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, biyu kuma a lanƙwashe domin allahntaka da mutuntakar Almasihu. A Rasha, lokacin da shugaban Ikkilisiya Nikon ya ba da umurni a 1653 a bar yatsu biyu a koma uku, wannan na cikin abubuwan da suka raba Ikkilisiyar ƙasar, har aka ƙone limami Avvakum a 1682 saboda ya ƙi sauye-sauyen. Ba yabon wannan tsanani muke yi ba, Allah ya kiyaye. Amma ya isa ya nuna mutane ba sa wasa da abin da hannu ke faɗi.

To, ina mafita? Dakta Walter Miller na mishan ɗin CMS, wanda aikinsa a Zariya ya koma Wusasa a 1929, shi da abokan aikinsa ba su kawo mana Littafi Mai Tsarki da Turanci suka ce mu yi haƙuri ba. Sun juya shi zuwa Hausa, aka buga a 1932. A ganinmu haka ya kamata a yi wa hannun 'yar tsana, a juya shi zuwa Hausa. Ɓataccen ɗa a wurin aladu, a ɗinka masa tagumi. Ba sai malama ta ce yana nadama ba, ɗan shekara huɗu ya riga ya gane. Matan da suka tarar da kabari a buɗe, su riƙe baki. Masu hikima daga gabas su durƙusa su miƙa kyauta da hannu biyu. Taron da ya tarbi Yesu a Urushalima yana iya yin jinjina, tun da sarki suke tarba. Labarin Yakubu a Farawa sura 48, inda ya gicciye hannuwa ya ɗora na dama a kan Ifraimu ƙarami maimakon Manassa, ba ya buƙatar dogon bayani a garin da yaro ke shan tsawa in ya karɓi abu da hagu.

Wajen ɗinkin kuwa, ga abin da ya fi sauƙi. Kada a yanka yatsu ɗai-ɗai. Ban da daƙuwar, juya su bayan ɗinki wahala ce a 'yar tsana mai tsawon inci 12. A yanka tafin dunƙule ɗaya da babban yatsa a gefe, a ɗinka, a juya, a cusa auduga kaɗan, sannan a bi da layin zare uku daga sama. Yatsu huɗu za su fito a manne. In ana son hannu ya riƙa lanƙwasa, a sa siririyar waya daga kafaɗa zuwa tafi, amma lallai a naɗe bakinta a rufe da ƙyalle, don kada ta soki yaro. Ƙaramin maɓalli a tafi da wani a kunci ya isa tagumi, a ɓalle shi lokacin da ɗan ya tashi zai koma gida. Hannun sa albarka kuwa, a juya tafin ƙasa, bisa kan yaro, kamar yadda Markus sura 10 ta nuna Ubangiji ya yi.

Akwai kuma kurame a cikinmu, waɗanda sau da yawa suke zama a sujada ba mai kula da su. Suna da harshensu, Maganar Hannu, wadda Constanze Schmaling ta rubuta littafi a kanta a shekarar 2000 bayan bincike a Kano. A makarantu kuma ana koyar da alamun da suka samo asali daga Amurka, ta hannun Andrew Foster, mai bishara baƙar fata wanda shi ma kurma ne, da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Kafin a rufe ɗinkin kowace 'yar tsana, a nuna wa ɗaya daga cikinsu, a kuma nuna wa tsohuwa ɗaya da yaro ɗaya, ba tare da an faɗa musu labarin ba, a tambaye su me hannun ke cewa. In amsar ta saɓa, a warware zaren tun audugar ba ta zauna ba.