Maganin ƙwari a lambu, asara a tabki

Ƴan'uwa mata, duk wadda ta zagaya gefen Korama da rani, daga Bande zuwa Wacha har Guchi, ta san yadda lambu da tabki suke maƙwabtaka. Nan tumatir da kabeji da rake, taku kaɗan ga ruwan da aka zuba wa ƴaƴan tarwaɗa da karfasa. Mu ma a asusu haka muke: wata ta ranci kuɗi ta yi lambu, wata ta ranta ta sari kifi tana suya ko banda. Akwati ɗaya ne ya ba su duka.

Matsalar ita ce maganin da ake fesa wa tsutsa. Galibinsa daga kasuwannin iyaka yake shigowa, wani a kwalba ba ko takarda. Masu ɗauke da sinadarin sifametirin ko lamda suna da tsananin guba ga kifi. Shi kuwa andosulfan, ƙasashen Sahel sun haramta shi tun 2007. Tabkunanmu ba gudu suke ba, abin da ya shiga ya zauna. In ruwa ya ja baya lokacin bazara, gubar ƙara ƙarfi take.

Ta ina take shiga? Yaro ya gama feshi, ya gangara bakin ruwa ya ɗauraye famfo, ya yar da kwalbar nan. Ko a yi feshi ana iska. Ko ruwan ban lambu ya koro ta zuwa tabki.

Kifi ta gefen kai yake numfashi, ta nan gubar ke ratsa shi. Sai a gan shi ya taso sama yana haki, yana juyi kamar mai hajijiya. Ƙanana ke fara mutuwa. In gubar kaɗan ce ba za a ga gawa ba, amma kifin zai rage ci, ya ƙi girma, ƙwai ya ragu, ƙwarin ruwan da yake ci su ƙare. Ranar su ta zo, taru ya fito ba nauyi, mai suya ta rasa abin zubi.

To, me ke hannunmu? Tun 1991 da Mata Masu Dubara suka faro a jihar Maraɗi, mu ke kafa dokokin asusunmu da kanmu. Mu ƙara guda: wadda ta ci bashin lambu, ba wanke famfo a tabki, ba yar da kwalba. A nemi shawarar malamin gona kafin a sayi magani. A gwada jiƙon ƴaƴan bedi da barkono da sabulu, shi ma ba a zubar da ragowarsa a ruwa.

In kuma muka ga kifi ya mutu da yawa dare ɗaya, kar mu saya komin araha, kar mu banda, kar yara su ɗauka. A sanar da maigari da ma'aikatan gandun daji na Magarya ko Dungas. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai, ruwan nan shi awakinmu ke sha.

A zubin makon nan, mu tayar da maganar.