Yadda ake gyaran kwale-kwale a kogin Rima

A watan Agustan 2025, wani kwale-kwale ɗauke da mutane fiye da 50 ya kife a kan hanyarsa ta zuwa kasuwar Goronyo a jihar Sakkwato.

Hukumomi na danganta irin wannan hatsari da lodi fiye da ƙima da kuma rashin kula da jirage.

A kogin Rima, galibi masu jiragen ne ke gyara abinsu. Sukan jawo jirgi tudu ya bushe, su sauya katakon da ya lalace, su cusa tsumma a tsagu, sannan su liƙe da narkakkiyar kwalta.

Amma faci ba ya ceton jirgin da ƙasansa ya ruɓe, irin wannan sai dai a yi sabo.